Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rasuwar Baba

Assalamu alaikum. Sai yau na samu natsuwar riƙe waya in rubuta wannan, tun ranar da Allah ya karɓi ran Baba kaina bai dawo daidai ba, don haka wanda ya kira ban ɗauka ba ko ya turo saƙo ban amsa ba don Allah ya yi haƙuri, wallahi ba wulaƙanci ba ne.

A madadin Mama da ƙannena da dangi gaba ɗaya muna godiya. Waɗanda suka yi ta zirga-zirgar asibiti da mu, samarin da suka ba da jini ba tare da an roƙe su sau biyu ba, nas-nas ɗin da suka kula da shi a darensa na ƙarshe, waɗanda suka bar kasuwa da ofis suka zo jana'iza, da masu zuwa gaisuwa daga nesa, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Amma magina da leburori da kafintoci, ku kam ban san da bakin da zan gode muku ba. Kun zo da kayan aikinku a jiki, wasu siminti bai ma bushe a ƙafarsu ba, ku kuka haƙa kabarinsa kuka hana kowa karɓar shebur. Wani dattijo a cikinku ya riƙe hannuna yana kuka yana cewa Baba ne ya fara miƙa masa cokalin gini lokacin yana ɗaukar kwanon sarki, yau ga shi da yaransa yana karɓar kwangila da kansa. Ni ban ma san shi ba.

Mu a gida abin da muka sani shi ne mutum mai kaushin hannu, tafinsa duk ya tsage saboda siminti, kullum da tef a aljihu da fensir a bayan kunne. Muna yara yakan tashe ni da sassafe mu je ba kankare ruwa, ina gunaguni, shi kuma yana cewa kankaren da bai sha ruwa kwana 7 ba ai an cuce shi, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, gaggawar mai gida ba ta canza wannan. Kwaɓinsa ɗaya ne, siminti 1 yashi 2 tsakuwa 4, in ka ce ya rage siminti ko ya sa rodi ƙarami a linta don a yi arha sai ya tattara kayansa ya ce ka nemi wani, mutane ne za su kwana a ƙarƙashi. Ya sha rasa aiki a kan haka, mu ma mun ji a jikinmu a lokacin, har Mama takan yi masa magana. A zaman makokin nan mutum nawa ne suka ce min ɗakin da ya gina musu tun kafin a haife ni ko tsagewa bai yi ba. Ko kusurwar fandisho da igiya da turaku yake fitarwa, ya auna 3 nan, 4 can, in tsakani ya ba da 5 to ta miƙe, ya koya wa yara da yawa wannan a ƙasa da tsinke.

Sannan godiya ga dattawan gari da 'yan ƙungiyar ci gaban unguwa da ya shugabanta shekara da shekaru. Kun tuna mana da kwalbatin da ya tsaya aka yi da aikin gayya, da yasar magudanar ruwa kafin damina, da katangar maƙabarta. Rikicin iyaka kuwa in ya taso shi ake kira, don kusan duk gidan da ke layin shi ya ja igiyarsa, ya san inda filin kowa ya tsaya, in ya nuna da ƙafa magana ta ƙare.

Jiya muka buɗe littafin da yake rubuta lissafi, muka ga sunaye da yawa an ja musu layi an rubuta na yafe. Masu waɗannan sunaye ku kwantar da hankalinku, abin da Baba ya yafe ya yafu. Wanda kuma yake bin sa ko na buhun siminti ɗaya ne, don Allah kar ya ji nauyi, ya same ni ko ƙanen Baba mu sauke masa.

Akwai ɗaki biyu na wata baiwar Allah mai marayu da ya kai linta ciwo ya kwantar da shi. Yaran aikinsa sun ce su za su ƙarasa ba za su karɓi ko sisi ba, ranar Asabar za a ɗora katako a buga kwano, wanda ke da hali ya zo ko miƙa ƙusa ne.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Amin.