Kwana 12: kwalba ta uku ta tsira

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon renon laimar kwaɗi. Yau kwana 12 ke nan da na zuba irin Ganoderma lucidum, wadda 'yan Sin ke kira lingzhi, a kwalabe uku masu cin lita bibbiyu. Guda ɗaya ce ta rage, amma alhamdu lillahi, ita ɗin ta ba ni abin da nake nema tun hunturu.

Romon da nake renon irin a ciki na kullum ne: a tafasa dankalin turawa giram 200 a tace, a sa gulukos giram 20, a cika ruwa lita ɗaya. Na dafa shi a tukunyar fresha minti 20 a ma'aunin zafi 121. Iska kuma famfon tankin kifi ke hurawa, ta cikin mataci mai ƙananan ramuka (maikuron 0.2) da ke tare ƙwayoyin cuta.

Kwalba ta farko tun rana ta uku ruwanta ya gurɓace, yana tsami kamar kunun da ya kwana. Bakteriya ce, kuma na san a wajen zuba iri hannuna ya yi nauyi. Ta biyu zafi ne ya cinye ta, ga wuta da ta ɗauke wuni guda famfo ya tsaya. Ganoderma tana son 28 zuwa 30, mu kuwa a Kano cikin Afrilu ana kai 40. Sai na tuna dabarar tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba, malamin nan ɗan Najeriya: na sa kwalba ta uku a ƙaramar randa, na zaunar da ita cikin babba, na cika tsakani da yashi mai danshi. Ɗakin na nuna 38, cikin randa 29.

Jiya da daddare na haska ta da tocila. Ruwan garau, kalar shayin da ba madara, ga farin zaren laimar ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo. Makon jiya kamar gero suke, yanzu sun kai ƙwayar dawa, suna hawa suna sauka tare da kumfar iska. Na fi minti goma a tsugune ina kallo.

Abin da muke bi yana jikin bangon zaren nan, wani nau'in sukari mai sarƙa da ake kira beta-gulukan. Wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye cuta suna da wurin kama shi, mai suna Dectin-1. Da ya taɓa su sai garkuwar jiki ta farga. Japan ta amince da wani magani irin wannan mai suna PSK a shekarun 1970, daga zaren laimar Trametes versicolor da aka rena, sannan wani mai suna lentinan daga laimar shiitake a 1985. Dukansu tacewa aka yi, aka auna, likita ne ya riƙa bayarwa tare da sauran maganin ciwon daji.

Shi ya sa da wata maƙwabciyarmu ta roƙi kofi ɗaya don mahaifiyarta mara lafiya, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan bai kai a sha ba. Ban gwada abin da ke ciki ba, ku ci gaba da na asibiti." Na ji nauyinta ƙwarai, amma ba zan iya ba.

Ran Juma'a in Allah ya kai mu zan tace da farin ƙyalle, in busar, in auna giram nawa lita ɗaya ta bayar. Wanda ya taɓa haɗa famfon kifi da batirin sola, don Allah ya faɗa mini awa nawa yake kai masa.