Gidan gilashi irin na Adele Fielde ya zauna bayan mako bakwai

Yau kwana 12 ke nan ban tsinci gawar shazumamu ko ɗaya ba a gidan gilashin da na haɗa. Ina so 'yan'uwa masu kiwon tururuwa su san inda matsalar ta ɓuya, domin ta kashe mini ma'aikatan tururuwa kusan 40, ta kuma ci mini naira 9,000 wajen sake yankan gilashi.

Tsarin Adele Fielde na bi, Ba'amurkiyar da aka haifa a 1839, wadda ta yi shekaru tana aikin mishan a Swatow ta ƙasar Sin kafin ta koma nazarin tururuwa a garin Woods Hole na Amurka. Babu ƙasa a gidanta, sai faifan gilashi, da katangu na siraran gilashi da aka manna wa tawul a kai don iska ta ratsa, da murfi, da jiƙaƙƙen soso a ɗakin 'ya'ya.

Soson nan shi ya hana ni barci. In jiƙa shi da asuba, kafin azahar ya bushe ƙayau, tsutsotsin, wato 'ya'yan tururuwar, su yamutse. Na ɗora wa hunturu laifi na ƙara ruwa, sai murfi ya yi gumi, fumfuna ta kama abinci. Na zaci katangun ne suka yi tsawo, na sa aka rage su, amma bai canza komai ba. Sai ranar da na taɓa tawul ɗin ta waje na ji shi da danshi, sannan na gane gefen soson yana gogarsa, shi kuwa yana zuƙe ruwan kamar lagwani yana miƙa wa iska. Na yanke soson, na janye shi daga katanga da faɗin yatsa guda, yanzu yana kai kwana biyu da laima.

Wallahi darajar matar nan ta ƙaru a idona. Da irin wannan ƙaramin gida ta nuna cewa tururuwa da ƙamshi suke gane 'yan gidansu, kuma sukan riƙe ƙamshin ko bayan doguwar rabuwa. Ta rasu a Seattle a 1916, amma har yau da sunanta ake kiran gidan.

Jiya da dare na ɗaga murfin duhu na tarar sarauniya ta tara sababbin ƙwai a jikin soson, ma'aikata uku suna lasarsu. Gwajin ƙamshi irin na Fielde da nake son yi zai jira sai sun ƙyanƙyashe.