Alƙalamin da ya tsage a hunturu: shawara ga mai son fara sassaƙa biro da katako

Na shiga sana'ar sassaƙa biro ne ta ƙofar kafinta, domin a shagon da na yi koyon aiki akwai injin juya katako wanda ake fitar da ƙafafun tebur da na gado a kansa, kuma tun ina share garin katako a ƙarƙashinsa nake sha'awar yadda gungumen itace mai kusurwa huɗu ke komawa zagayayye cikin 'yan mintoci. Sassaƙa biro da irin wannan injin aiki ne da ya fi yaɗuwa a Amurka da Ingila da Ostireliya, inda mutane da yawa ke yin sa don nishaɗi a ɗakin ajiyar mota, shi ya sa za ku tarar yawancin awon kayansa da inci ake faɗa, ko da yake ƙarafan da ake haɗa biron da su akasari a Taiwan da Sin ake ƙera su. Ni kuwa da na fara, abin da ya ja ni shi ne lokacin da sassaƙe ke tashi daga bakin kurfi, kuma wannan sha'awar ce ta sa na yi ta asarar katako da kuɗi har na tsawon watanni.

Ya kamata ƙannena masu son farawa su fara da fahimtar abin da ke cikin biron. Nau'in da kusan kowa ke koyo da shi siririn biro ne da ake murɗawa bakinsa ya fito, kuma gangar jikinsa bututun tagulla ne guda biyu, kowanne tsawonsa kimanin milimita 52, waɗanda ake cusawa a ramin da aka huda da ƙarfen huda mai kaurin milimita 7. Guntun katakon da ake farawa da shi yakan kai milimita 19 ko 20 a kowane gefe, tsawonsa kuma kamar milimita 130, sai a raba shi biyu. Idan an gama sassaƙa, katakon da ya rage a kan bututun a wajen bakinsa bai kai milimita ɗaya ba. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa zai gane cewa abin da muke kira biron katako fata ce kawai ta katako da aka lulluɓe ƙarfe da ita, kuma fatar da ta kai wannan siranta ba ta yafe kuskuren da aka yi mata tun kafin a ɗora ta a kan inji. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ni kuwa Laraba ce ban taɓa ba wa muhimmanci ba.

Biron farko da na yi alfahari da shi na madobiya ne, daga wani reshe da aka sare a ƙarshen damina. Katakon ya yi laushi a bakin kurfi, sassaƙe na fita dogaye kamar taliya, na ɗauka gwanintata ce, alhali ruwan da ke cikinsa ne. Na goge shi ya yi ƙyalli, na kai wa kawuna kyauta, ya soke shi a aljihun gaba ya tafi da shi masallacin Juma'a yana nuna wa abokansa. Da hunturu ya kankama, wata rana ya kira ni ya miƙo mini shi ba tare da ya ce komai ba, na ga tsaga ta taso tun daga bakin biron har tsakiyarsa, tagulla na leƙowa ta ciki. Kunyar da na ji a ranar ta fi ta ranar da na ɓata ƙofar mai sayayya.

Na kai biron wurin wani dattijo masassaƙin turmi da ke kusa da shagonmu, na ce, "Baba, ko gam ɗin ne ba shi da kyau?" Ya juya shi a hannu, ya sa farce a tsagar, ya ce, "Yaro, icce yana shan iska yana ramewa, ƙarfe kuwa ba ya ramewa. Ka ɗaure ɗanyen icce a jikin ƙarfe, ina kake so ya je?" Bayanin ke nan gaba ɗaya. Katako yana tsukewa ta faɗinsa idan ya bushe, bututun da ke cikinsa kuma yana nan yadda yake, saboda haka dole katakon ya yage. A ƙasarmu abin ya fi tsanani, domin tazarar da ke tsakanin laimar watan Agusta da bushewar watan Janairu babba ce ƙwarai, har ƙofofin gidaje ma sukan kumbura su ƙi rufuwa da damina, su saki da rani.

Tun daga lokacin na daina yarda da ido ko taɓawar hannu wajen gane busasshen katako. Ina yanka guntayen su ɗan fi girman da nake buƙata, in tsoma kawunansu biyu a narkakken kyandir domin kada ruwa ya fita ta nan da sauri su tsage, in rubuta kwanan wata da nauyin kowanne a jikinsa, in jera su a inuwa inda iska ke ratsawa. Duk mako biyu ina ɗora su a ƙaramin sikeli, kuma sai nauyin ya tsaya cak sau biyu ko uku a jere nake taɓa su. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa kuwa ita ce ya nemi katakon da shekaru suka riga suka busar masa, kamar karyayyar taɓaryar ƙirya, ko ƙafar tsohuwar kujerar maɗaci, ko guntayen da kafintoci ke zubarwa, muddin ya duba babu ramin ƙwaro ko tsohuwar ƙusa a ciki. Wannan ya fi dacewa da madobiya musamman, wadda aka yi wa sara na fitar hankali a Taraba da wasu sassan Afirka ta Yamma domin kai ta Sin, har aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dabbobin daji da tsirrai, wato CITES, ke sa wa ido a cinikinsu a 2017. Biro ɗaya guntun da bai fi tafin hannu ba yake ci, don haka babu dalilin da zai sa a kayar masa da bishiya.

Kuskurena na biyu a wajen huda yake, kuma shi ne ya fi cin mini katako mai kyau. Nakan danna ƙarfen huda ya nutse a tafi ɗaya, garin katako ya cushe a ramin, zafi ya taru har in ji ƙauri, sannan daidai lokacin da ƙarfen zai ɓulla ta ƙasa sai in ji ƙas, guntun ya dare. Kanya da ƙirya, saboda taurinsu, sun fi saurin yin haka. Abin da ya raba ni da wannan asara shi ne rage gudun injin zuwa kamar juyi 500 ko 600 a minti, da shiga kaɗan kaɗan ina fito da ƙarfen ina kakkaɓe shi, da dakatawa idan na taɓa na ji ya yi zafi. Haka kuma nakan bar guntun ya fi bututun tsawo da 'yan milimitoci, in tsayar da huda kafin ta ɓulla, in yanke ragowar da zarto. Kafin a raba guntun biyu yana da kyau a ja layi da fensir a gefe ɗaya, domin idan an zo haɗawa zanen jikin katakon ya bi juna daga sama zuwa ƙasa, wanda shi ne abin da idon mai saye ke fara kamawa ko bai san sunansa ba.

Gam ma ya koya mini hankali. Na fara da sufagulu mai ruwa-ruwa, wanda a zafin shagonmu yake kamawa kafin mutum ya ƙifta ido, kuma akwai ranar da bututun ya tsaya a rabin hanya, ba ya shiga ba ya fita, ɗan yatsana kuma ya manne a bakinsa. Yanzu gam mai haɗi biyu nake amfani da shi, wanda ake cakuɗawa ya ba mutum 'yan mintoci ya daidaita aikinsa, kuma yana cike ɗan gibin da ke tsakanin bututu da rami. Nakan kankare jikin bututun da samfefa domin gam ya sami abin kamawa, in danna bakinsa a kan yankakken dankali ya toshe kada gam ya shiga ciki, in cusa shi ina murzawa, sannan in bar shi ya kwana. Duk inda gam bai taɓa ba, a nan katakon zai ɓalle idan ya yi siriri, kuma ba za a sani ba sai aiki ya kusa ƙarewa. Bayan ya bushe sai a daidaita kawunan da ƙarfen da aka yi don haka, a ci katakon har tagulla ta fara ƙyalli a tsaya nan, domin idan aka rage tsawon bututun bakin biron ba zai koma ciki yadda ya kamata ba.

Sassaƙar kanta, wadda na yi ta ɗoki a kanta, ita ce mafi gajarta a cikin aikin. Ana zura guntayen biyu a wata siririyar sandar ƙarfe, a raba su da zobban awo da ake kira bushin, waɗanda kaurinsu ke nuna inda za a tsaya, a ɗaure da noti. Ni da na saba da ƙafar gado sai na riƙa ɗaure notin da ƙarfi, in kuma matso wutsiyar injin, wato ɓangaren da ke tokare ƙarshen sandar, kamar ina kama bijimi, har sandar ta ɗan lanƙwashe ba tare da na lura ba. Birona guda shida suka fito da gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, abin da ido ba ya gani sosai amma yatsa na ji a inda katako ya haɗu da ƙarfe. Na zargi injin, na zargi wanda ya sayar mini da kayan, sai da na gangara sandar a kan gilashi na ga tana tsalle. Ɗaurin da zai hana katakon zamewa ya isa. Injin kuma a sa shi ya yi gudu, kamar juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, tunda abin siriri ne, kurfi ya kasance mai kaifi, a riƙa wasa shi a kai a kai musamman a kan ƙirya, a kuma sassauta hannu idan an kusa bushin, ana fita ta bakin katakon maimakon a shigo ta nan.

Abin da ke juyi da wannan gudu ba ya tambaya kafin ya kama tufafi. Hannun kaftani, da carbi a wuya, da tsumman da aka naɗe a yatsa, duk a raba su da injin. Garkuwar fuska da takunkumi wajibi ne, domin ƙurar wasu itatuwan tana sa atishawa da ƙaiƙayi, ni kaina na yi mako ina tari kafin na yarda.

A wajen guga nakan rage gudun injin, in bi samfefa daki-daki daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 150, 240, 320, 400, har 600, kuma bayan kowace lamba in kashe injin in goga ta tsawon katakon domin share zoben da juyi ya bari. Na taɓa tsallake lamba biyu don sauri, ƙyallin ƙarshe ya fito da kowane karce fili kamar an ja shi da allura. A kula kada samfefa ta hau kan bushin, domin baƙin garin ƙarfe yana shiga farin katako irin na aduwa ya ƙi fita. Masu son ƙyalli mai ɗorewa sukan shafa sufagulu siriri siriri sau da yawa, amma da takarda mai laushi ake shafawa, domin yana yin zafi har ya yi hayaƙi idan ya haɗu da auduga, tururinsa kuma yana yaji a ido. Mai farawa zai iya tsayawa a kan mai da kakin zuma, ya san dai gumin hannu zai dusashe shi da wuri.

Da za a mayar da ni farko, da ban sayi komai ba sai kayan siririn biro guda goma, da ƙarin bututu da ake sayarwa daban, da kurfi ɗaya mai kyau, in yi hayar sa'a a injin wani kafin in yi tunanin nawa. Kayan daga waje suke zuwa, kowanne da aka lalata jiran makonni ne.

Haɗawa ce ta ƙarshe, kuma a nan ma na yi ɓarna. Ba a buga ƙarafan da guduma, matsa su ake yi a hankali a ƙarfen matsewa na teburin kafinta, da guntun katako a kowane gefe, bayan an tabbatar babu busasshen gam a cikin bututun, don ɗigo ɗaya ya isa ya tsaga aikin kwana biyu. Abin murɗawar kuwa idan ya shige ciki fiye da kima, fito da shi aiki ne ja, saboda haka ana tura shi kaɗan, a saka tsinken tawada a gwada, a ƙara kaɗan, har bakin ya fito daidai ya kuma ɓuya idan an murɗa baya. Biron da na yi wa kawuna a madadin wanda ya tsage na ƙirya ne busasshe, ya kuma wuce hunturu uku lafiya, sai dai na tura abin murɗawarsa ya zarce da kamar milimita ɗaya, bakin ba ya komawa ciki gaba ɗaya. Har yau akwai ɗigon shuɗiyar tawada a aljihun farar shaddarsa ta Sallah, kuma duk lokacin da na je gaishe shi sai ya nuna mini.