Saƙon Godiya Ga Gidauniyar Unguwarmu Da Duk Wanda Ya Sa Hannu A Aikin Bayan Ambaliya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar Katsina ta Dikko ɗakin kara.

A madadin ƙungiyar matasan unguwarmu ta yankin Ƙofar Marusa nake rubuta wannan saƙo. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah, wanda ya nuna mana ƙarshen wannan aiki lafiya. Ranar Asabar da ta wuce iyalin ƙarshe cikin waɗanda ruwa ya kora suka koma ɗakinsu, kuma babbar kwatar da ta jawo mana wannan jarabawa an yashe ta daga farko har inda ta faɗa kwalbati.

Waɗanda ba su nan za su so su ji yadda aka yi. Ruwan tsakiyar Agusta ne ya sauko da daddare, ya tarar da magudana cike da leda da yashi da shara, sai ya nemi hanya ta cikin lunguna da zaurukan mutane. Gidajenmu da yawa ginin laka ne, kuma katangar laka in ta kwana da ruwa a gindinta ba ta kai labari. Kafin gari ya waye wasu ɗakuna sun zauna, azara ta karye, hatsin da mutane suka tanada ya jiƙe. Ba a rasa rai ba, Alhamdulillahi. Duk wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, da rayukan da aka rasa cikin dare ɗaya, ya san Allah ya yi mana sauƙi ƙwarai.

Bayan Allah, godiyarmu mafi girma ga gidauniyar unguwa ce. 'Yan asalin wannan yanki ne suka kafa ta: 'yan kasuwa, malaman makaranta, ma'aikatan da suka yi ritaya, da 'yan'uwanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas da ke turo nasu kason duk wata. Dattawan da ke riƙe da ita sun ce kada a ambaci sunan kowa, na kuma bi umarninsu. Amma aikinsu sai na faɗe shi, don wasu unguwannin su ji.

Da safiyar ranar ba su fara da rabon kuɗi ba. Sun zauna da mai unguwa da liman a ƙofar masallaci, aka raba mu gida-gida, kowa da takarda: ɗaki nawa ya rushe, mutum nawa ke kwana a ciki, akwai mai juna biyu ko jariri, akwai tsoho mara ƙarfi. Da aka tattara, sai suka sa gidajen marayu da na zawarawa a gaba, tare da bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya, waɗanda galibi a kangaye suke zaune, ba su da dangi a gari da za su raɓe. An samu masu gunaguni a lokacin, amma da aka karanta jerin sunayen a gaban jama'a bayan sallar Isha'i, kowa ya ga dalili, magana ta mutu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, taimakon da ya cece mu a wannan dare tun kafin damina aka fara yin shi. Gidauniyar tana da wani ɗan shago da ta mayar ma'ajiyar kayan aiki: baro, cebur, diga, manjagara, takalman roba, safar hannu, har da ƙaramin injin zuƙe ruwa. Kowace ƙungiyar sa-kai tana iya zuwa ta ara, ta sa hannu a littafi, ta mayar in ta gama. Mu matasa ƙarfi muke da shi, kaya ne ba mu da su. Da za mu jira a tara kuɗi a je kasuwa, da wasu katangun sun bi na farko.

Dattawan gidauniyar ne kuma suka koya mana riƙon amana a rubuce. A da kuɗin ƙungiya a aljihun ma'aji yake, kuma irin wannan ne ke kashe ƙungiyoyi: ba sata ba, zargi. Wani dattijo daga cikinsu, tsohon akanta, ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da ajiye rasit ko na ƙusa ne, da karanta lissafi a gaban mambobi duk ƙarshen wata. Da muka so buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, su suka yi mana jagora wajen rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi: rubuta kundin tsarin mulki, zaɓen amintattu, buga sanarwa a jarida, da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Saboda wannan asusu ne 'yan'uwanmu na nesa suka turo gudummawa da kwanciyar hankali, don sun san ba hannun mutum ɗaya za ta shiga ba.

Sai zaman da suke haɗawa lokaci-lokaci na shugabannin ƙungiyoyin yankin. Can muka san juna da 'yan agaji, na Izala da na ɗariƙa, da 'yan sintiri, da matan da ke adashi, da ƙungiyar magina. Shi ya sa ranar da abin ya faru waya ɗaya ta isa. 'Yan agaji suka kwashe tsofaffi da yara zuwa makarantar Islamiyya, 'yan sintiri suka kwana suna gadin gidajen da katangarsu ta faɗi, ba a ɗauki ko tsinke ba. Allah ya saka musu da alheri.

Iyayenmu mata, ban san da wane baki zan gode muku ba. Kun ɗaga kwasar adashinku ta wannan zagaye kuka sayi gero da masara, kuka riƙa aiko da koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, ga 'yan aiki da waɗanda suka rasa murhu. Ungozomar unguwa da wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune cikinmu sun bi gidaje suna faɗakarwa kan tafasa ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari, don bayan ambaliya amai da gudawa ake tsoro. Sun kuma matsa mana mu cike duk wani gurbin da ruwa ya kwanta, domin ƙwan sauro cikin mako ɗaya zuwa biyu yake zama sauro mai cizo.

Baba magini, wanda shekaru sun ja har ba ya iya hawa tsani, ya zo da sandarsa ya zauna a kan turmi yana duba aikinmu. In ya ga an kwaɓa ƙasa da ruwa da yawa, sai ya ɗebo da hannu ya matse, ya nuna mana yadda take zuba ta tsakanin yatsu, ya ce a ƙara ƙasa da ciyawa a sake takawa. Shi ya hana a ɗora tubali a ƙasa kai tsaye, ya sa aka yi gindin da dutse da siminti, aka kuma tsawaita indararo don ruwa ya faɗi nesa da bango. Ya ce mana Hasumiyar Gobarau ma da laka aka gina ta, kula da yaɓe ne suka riƙe ta har yau. Ko sisi bai karɓa ba. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Muna godiya ga masu kurar ruwa da suka yi ta kawo ruwan kwaɓi kyauta, da mai tifa da ya zubo yashi a kuɗin mai kawai, da ɗaliban makarantar allo da malaminsu ya turo suka kwashe shara. Da yaron nan da ya shiga cikin kwalbati har ƙugu, igiya a ɗaure a jikinsa, ya jawo tsohuwar katifar da ta toshe bakin ruwa. Iyayensa su yi alfahari da shi.

Ni a ganina irin wannan gidauniya ta fi mai zuwa da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto sau ɗaya a shekara amfani nesa ba kusa ba, domin ita tana nan kullum, kuma ƙarfinta a ƙungiyoyin da take yi wa raino yake. Amma tana da iyaka. Faɗaɗa babbar magudana da sake kwalbatin da ya yi wa ruwa kaɗan aikin hukuma ne. An rubuta takarda ta hannun mai unguwa zuwa ga hukumomin da abin ya shafa, muna roƙon a duba kafin wata daminar.

Cikakken lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana manne a allon masallaci, kowa na iya zuwa ya duba. Duk wanda ke riƙe da cebur ko baro na gidauniya, don Allah ya mayar kafin Juma'a, saboda matasan wajen Ƙofar Durɓi sun nemi aro. Mu kuma za mu ci gaba da fitowa aikin gayya na yashe kwata Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan sallar Asuba, a haɗu a ƙofar gidan mai unguwa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiyar matasan unguwa