Daƙiƙa goma sha biyu

Talata, da dare.

Tun da sassafe Yaya ya turo mini wani guntun bidiyo. Ɗan majalisar da na zaɓa ne yake jawabi, ya zo faɗin wani adadi sai harshe ya harɗe masa: ya ce miliyan, ya koma biliyan, ya sake dawowa miliyan, ya tsaya yana laluben takarda. A ƙasa Yaya ya rubuta, "Ga haziƙin naku." Daƙiƙa goma sha biyu kacal, amma ta isa a mayar da mutum daƙiƙi.

Na yini ina aiki abin yana cina. Da yamma na biya wajensa, na tarar da shi da wani abokinsa, tsohon malamin makaranta mai son tarihi. Ko zama ban gama yi ba na ce, "Yaya, wa ya fi ƙarfin tuntuɓen harshe? Obama da ake yi wa kallon gwanin magana, a 2008 cewa ya yi ya zaga jihohi 57, alhali jihohin Amurka 50 ne."

"Wannan ai gajiya ce," in ji shi.

"To nawa ma gajiyar ce."

Sai ya yi murmushi, ya ɗauki wayarsa ya yi ta ja sama. Na san abin da yake nema tun kafin ya samo. Watan jiya ni ma na tura masa bidiyon nasa gwanin yana kame-kame a gaban 'yan jarida, kuma da hannuna na rubuta "ƙwaƙwalwar kifi". Ya miƙo mini wayar bai ce uffan ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Don in kare kaina sai na juya zancen zuwa takardu, tunda nawa yana da digiri biyu. A nan Malam ya sa baki, ya kuma ɓata mana lissafi mu duka. Ya ce George W. Bush ya yi Yale ya yi Harvard, amma shekara takwas 'yan adawa suna kiransa dolo. Liz Truss ta fito daga Oxford, ta hau kujerar firaministar Birtaniya a 2022, tsarinta na rage haraji ya kada darajar fam, ba ta cika wata biyu ba ta sauka. Shi kuwa Lula na Brazil karatunsa bai yi nisa ba, ya yi gogen takalma, ya yi aikin ƙarfe a masana'anta har injin ya cinye masa yatsa, amma da ya kammala wa'adinsa a ƙarshen 2010, sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna yaba masa. Na yi caraf na ce Angela Merkel fa, mai digirin digirgir a kimiyya, da ta riƙe Jamus shekara 16? Malam ya ce, "Ka gani? Kowa ya shiga rumbun nan da abin da yake so yake fitowa."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar da ya yi mana daga baya. Ya ce a cikinmu wa zai iya faɗin ƙuduri ɗaya da gwaninsa ya kai majalisa, ko kwamitin da yake ciki, ko yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin bana? Yaya ya fara gyaran murya. Ni na shiga duba agogo. Awa biyu muna auna basirar mutane, ashe ko aikin da muka tura su yi ba mu taɓa leƙawa ba. A ganina a nan ƙwarewa take ɓuya: wa ka jawo kusa da kai, kana sauraron mai ce maka a'a, kana karanta abin da za ka sa wa hannu. Ba ɗaya a ciki da ke shiga guntun bidiyo, kuma gaskiya ba su da daɗin kallo.

Da na dawo na nemo cikakken jawabin, minti 40. Na kalli shida, barci ya fara fizgata. Ina shirin ajiye wayar sai ga wani sabon bidiyo ya shigo, gwanin Yaya ne ya manta sunan ma'aikatar da yake suka. Na ɗan jima yatsana yana kan allon.

Na tura masa. Ban dai rubuta komai a ƙasa ba.