Laraba a Birnin Kebbi: kullun fanke da zaren mRNA

Tun da asuba Inna ta tashe ni in kwaɓa mata kullun fanke, ana suna a gidan maƙwabtanmu. Fulawa, sukari, ruwan ɗumi, yis cokali biyu. Da yake hunturu ne kullun ya ƙi tashi da wuri, sai ta ce, "Ki rufe shi da kyau ki kai rana, kar ki yi ta buɗe shi." Na kai, na zauna kusa da robar da takarduna, don jibi muke jarrabawa, kuma karatun a kan wannan yis ɗin ne.

Wurin da ya daɗe yana ba ni wuya shi ne yadda yis ke fara ƙera furotin. Yau ya zauna mini. Saƙon mRNA, wato umarnin da ake karantawa a ƙera furotin, dogon zare ne, kansa da hula, wutsiyarsa jerin harafin A ne reras. Furotin eIF4E ya kama hular, Pab1 ya rungume wutsiyar, sai eIF4G ya tsaya tsakani ya riƙo su biyun, zaren ya lanƙwaso kai ya haɗu da wutsiya, kamar yadda Baba ke ɗaure bakin carbinsa idan ya tsinke. A 1996 masu bincike Tarun da Sachs suka nuna cewa Pab1 na manne wa eIF4G a cikin yis, a 1998 kuma aka ga zoben ƙuru-ƙuru a na'ura. Daga nan 40S, ƙaramin ɓangaren ribosom, wato injin da ke ƙera furotin, ya hau kusa da hular, eIF4A da Ded1 suna warware masa ƙulle-ƙullen hanya, yana lalube har ya iske AUG, alamar inda za a fara. A nan babban ɓangaren, 60S, zai sauko a soma aiki da metiyonin, amino asid na farko, wato tubalin farko na furotin.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne saƙon da ya rasa hula ko wutsiya ba ya samun wannan karɓa. Halittar da ido ba ya gani, amma tana fifita saƙon da ya iso cikakke. Na daɗe ina kallon robar ina tasbihi.

Na gaya wa Inna cewa idan aka janye wa yis sukari, cikin 'yan mintuna yake dakatar da fara sabon furotin. Ta ce, "To ai mu mun san mai yunwa ba ya aiki. Leƙa mini kullun nan." Ya taso har yana taɓa murfi, sai ƙamshi.

Mun gama suya kafin azahar, na kai kwano biyu gidan suna. Da dare aka ɗauke wuta, na yi bitar shafin furotin GCN4 da fitilar waya, wanda shi kuma sai yis ya rasa amino asid ake ƙara ƙera shi. Gobe da safe zan sake bin wannan shafin.