Asabar: ni da Husna da takardar lissafi

Yau tun asuba sanyin Jos ya sauko da ƙarfinsa, ruwan buta kamar daga firij aka ciro shi, sai da na hura gawayi na ɗumama kafin yara suka iya alwala. Ni dama ban yi barcin kirki ba, takardar gwajin lissafin Husna ce ta kwana a raina. Jiya ta dawo da ita, ta ninke ta gida huɗu ta cusa can ƙasan jaka, sai da na zo zazzage jakar zan wanke na gani. Tambaya ashirin ce. Goma na sama lissafi ne zalla, lamba da lamba, tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, ta ci tara. Goma na ƙasa kuma irin masu labarin nan ne, wane ya sayi kaza ya sayar da kaza nawa ya rage, biyu kacal ta ci. Na yi mata faɗa sosai, nace wasa ne ya yi mata yawa, aji biyar guda ace wannan ya gagare ta, ta yi shiru tana hawaye ta je ta kwanta ko tuwon bata ci ba. To abin da ya hana ni barci shine ta yaya yarinya ɗaya, rana ɗaya, da fensir ɗaya za ta ci tara a sama ta ci biyu a ƙasa, in wasa ne ai duka zai shafa.

Wajen ƙarfe tara nace ta saka rigar sanyi ta raka ni Farin Gada cefane, dan ina so ma in ɗan lallashe ta. Muka fito bakin titin Bauchi daga nan Angwan Rogo muka tari keke, mai keke yace ɗari bibbiyu, na miƙa dubu ɗaya, kafin ya gama lalube a aljihu Husna ta riga ta ce Mama ɗari shida za a ba ki. Ban ce komai ba. A kasuwa kuwa ana ta sauke kwandunan tumatir, ga kabeji tuli guda, ga karas da danshin ƙasarsa, ga buhunan dankalin turawa irin wanda ake kawowa daga Bokkos da Mangu. Wajen mutumin da na saba saye na tsaya, sai dai yau baya nan yaronsa ne a rumfar. Tumatir na dubu ɗaya da ɗari biyar, tattasai na ɗari takwas, attarugu na ɗari biyar, albasa ta ɗari bakwai, sai karas da kabeji dubu ɗaya da ɗari biyu. Na ba shi dubu biyar ya miƙo min ɗari biyu, ni har na karɓa zan zura a jaka hankalina na kan ledar da ke neman fashewa, sai naji ƴar muryarta, yaya saura ɗari fa, dubu huɗu da ɗari bakwai ne kuɗinka. Yaron ya tsaya ya sake ƙirgawa da yatsu, ya yi dariya yace wallahi gaskiyarta Hajiya, ya cika. Lamba biyar ta tara a ka, a tsaye cikin hayaniyar masu baro, babu biro babu takarda, kuma ta ɗebe daga dubu biyar. Wannan yarinyar ce jiya nace bata san lissafi ba. Har muka dawo gida jikina a sanyaye yake.

Bayan azahar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana ke ɗan taɓawa, na ɗauko takardar nace zo mu duba tare, ba duka ba faɗa. Tambaya ta goma sha uku cewa take Musa na da lemu 45, ya sayar da 18, nawa suka rage, da Turanci dai. Ita ta rubuta 63. Nace karanta min, ta karanta tiryan-tiryan babu gargada, har ta kai kalmar ƙarshe, "left". Nace to me kalmar nan take nufi? Sai ta ɗaga min hannunta na hagu. Wallahi sai da ƙirjina ya buga. Ai haka aka koya mata tun tana nazare, hannun dama da hannun hagu, babu wanda ya taɓa zaunar da ita yace wannan kalmar dai ita ce kuma saura, kalmar da ta faɗa wa yaron mai tumatir da safe ba tare da ta yi tunani ba. Tace ita in ta ga lamba biyu a cikin labari kuma bata gane me ake so ba sai kawai ta haɗa su, wai wani lokacin ana dacewa. Da haka ta ci biyun nan ashe.

Na kife takardar nace saurara, Musa na da lemu arba'in da biyar a faranti, aka sayi sha takwas, saura nawa? Ban rufe baki ba tace ashirin da bakwai. Nace ta yaya kika yi? Tace daga sha takwas zuwa ashirin biyu ne, daga ashirin zuwa arba'in da biyar ashirin da biyar ne, a haɗa. Kunga wannan ba hanyar aji bace ta aro ɗaya daga gidan goma, hanyar masu ba da canji ce, daga ƙasa ake hawa sama har a cike, kuma ni a wajena babu laifi ko kaɗan in dai amsar ta fito kuma ta san dalilinta. Muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina juya mata su da Hausa. Alewa 84 a raba wa yara 7, kowa nawa, ta ɗan yi jim tace sha biyu. Kiret ɗin ƙwai na cin 30, kiret shida nawa, tace ɗari da tamanin. Cikin takwas ɗin da ta faɗi, bakwai ta warware su a zaune, ɗaya ce kawai ta tsaya mata, ta kashi-kashi.

Wadda ta fi yi min daɗi ma ba a takardar take ba, ni na ƙirƙira. Nace mu 26 za mu biki Bukuru, keke na ɗaukar mutum huɗu, keke nawa za mu tara? Ta rubuta shida saura biyu, ta kalli abin, sai tace a'a Mama bakwai ne, ko mutum biyun nan a titi za a bar su? Irin wannan tambayar yara da yawa shida suke rubutawa su wuce, dan a allo an saba ana rubuta saura a gefe a manta da shi.

Kashi-kashin kuwa Hajiya kakar Husna ce ta raba mana gardama. Tana zaune bakin ƙofarta cikin bargo tana jan carbi tana jinmu, an tambaya wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8, Husna ta kafe wai 1/8 ne tunda takwas ta fi huɗu. Na yi bayani har sau biyu bai shiga ba. Sai Hajiya tace ke kishiya miƙo min lemun can da wuƙa. Ta yanka shi huɗu ta ɗaga ɓari ɗaya tace wannan rubu'i, shi mace ke samu a dukiyar mijinta in ya rasu bai bar ɗa ba. Ta sake tsaga ɓarin biyu ta ɗaga ɗan siririn tace wannan kuma tumuni, shi take samu in akwai ƴaƴa, yana nan cikin Suratun Nisa'i, to wanne kike so a ba ki? Husna ta kai hannu kan babban tana dariya. Hajiya bata taɓa taka ajin boko ba amma rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da tumuni a bakinta suke kamar sunayen jikokinta, a makarantar Islamiyyar matan aure ta koya. Daga nan ta ɓalle da labarin kuɗin da, wai ita har gobe dubu ɗaya jaka biyar take ce mata, dan kafin naira ta zo a 1973 fam ake kashewa, fam ɗaya ya koma naira biyu, jaka kuma fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu. Ta ce wa Husna to jaka sha biyu nawa ne a kuɗinku na yanzu, tace dubu biyu da ɗari huɗu, Hajiya ta kwance bakin zani ta ba ta naira hamsin.

Ba zan ce komai Turanci ne ya jawo ba, akwai inda lissafin kansa yake da rauni. Guda ɗayan da ta faɗi a sama 618 ne a raba gida 6, ta rubuta 13. Shida cikin shida ɗaya, shida cikin ɗaya bai shiga ba sai ta tsallake bata saka sifili ba, ta ɗauko sha takwas ta rubuta uku. Nace naira ɗari shida da sha takwas aka raba muku ku shida, kowa sha uku zai tashi da ita? Ta zaro ido tace ina, ai ko ɗari shidan kaɗai kowa ɗari ne. Da kanta ta gano 103. Na ba ta 824 a raba 8 ta sake mantawa da sifilin, sai a na uku ta tuna, wannan kam sai an yi ta maimaitawa. Sannan taims tebur ɗin nan na bayan littafin rubutu, gidan bakwai da na takwas basu zauna mata ba, bakwai sau takwas sai ta faro tun daga bakwai sau ɗaya tana waƙa kafin ta iso 56.

Da magariba Abbansu ya dawo daga shago na kwashe duka na faɗa masa. Shi a ganinsa maganin abin shine mu daina yi musu Hausa a gida gaba ɗaya, Turanci kawai, ko kuma a nemo mai lesin. Nace Abban Husna lesin ban ƙi ba in da hali, amma Hausar da kake so a ajiye ai da ita ta iya duk abin da ta iya ɗin. Yace to Common Entrance ɗin da NECO ke shiryawa da za ta zauna baɗi da Hausa za a yi mata? Nan kam gaskiyarsa ne, da Turanci za ta zo, dole ta san kalmomin. Na tuna a ƙarshen 2022 lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi aka sanar cewa za a riƙa koyar da ƴan firamare da harshen uwa, mu dai har yau littattafan Husna da Turanci suke tun daga bango har bango. Kuma ban ga laifin malamarsu ba, aji a cike, ga ƴaƴan Birom ga Afizere ga Anaguta ga Ibo ga Yarbawa ga namu, duk da in aka tashi tara kusan dukkansu da Hausa suke wasa a fili. Da za ta riƙa ɗaukar minti biyu ta ce musu wannan kalmar saura take nufi, wannan kowa-da-kowa, wannan jimla, da yara da yawa sun huta da jan biro. Ranar Litinin in Allah ya kaimu zan je in same ta cikin mutunci mu yi maganar.

Kafin nan dai mun fara namu. Na yago tsakiyar wani tsohon littafi na ja layi, gefe ɗaya kalmar Turanci gefe ɗaya Hausarta da alamar da take nema, mun samu guda tara daga takardar jiya kaɗai, ta manna a bangon gadonsu da ƙullin tuwo. Sharaɗin da muka yi shine duk tambaya mai labari sai ta fara faɗa min ita da Hausa da bakinta kafin ta taɓa fensir. Da na je rufe musu taga na zauna bakin katifa nace Husna ki yi haƙuri da faɗan jiya, ban bincika ba na yanke hukunci. Ta ɓoye fuska cikin bargo tace ba komai Mama. Can ina fita naji tana yi wa Khalifa tata tambayar cikin duhu, wai ƙosai goma Mama ta saya Hajiya ta ci uku saura nawa, shi kuma yana ta rantsuwa Hajiya ai biyu take ci.

Gobe bayan sun taso Islamiyya gidan bakwai za mu kama, na riga na ware waken da za mu jera layi-layi a faranti.